Sunan Baba a Ƙasan Rasit

A kamfaninmu na maganin dabbobi, da furfura aka raba izinin shiga kwamfuta, aikin da mutum yake yi bai shigo lissafi ba. Na ce kamfaninmu don daɗin baki, amma na Baffa ne, ƙanin mahaifina. Babban shago da sito suna Kazaure, sai rassa a Babura da Roni da Gwiwa. Muna sayar da maganin tsutsa da na hanta, da allurai, da dusa, da gishirin lasa. Mahaifina, wanda kowa yake kira Malam ni kuma nake kira Baba, tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Baffa ya kawo jari, Baba ya kawo makiyaya, domin akwai waɗanda ko kanwa ba sa ba shanunsu sai sun ji ta bakinsa.

Ni kuwa an ɗauko ni ne saboda na karanci kwamfuta, kuma a faɗar Baffa ina zaune a gida ina ƙarar da tuwo. Lokacin ya sayo wata manhaja daga Kano wadda ta haɗa shagunan huɗu wuri ɗaya. Kowane ma'aikaci yana da sunansa da lambar sirrinsa, kuma sunan wanda ya shiga shi yake fitowa a ƙasan rasit. Izinin hawa uku ne. Na ƙasa ya sayar ya buga rasit kawai. Na tsakiya yana iya gyara farashi da yawan kaya. Na sama, babban izini, shi yake ba wasu izini ko ya karɓe, kuma shi kaɗai yake iya taɓa wa'adin magani, wato ranar da maganin zai daina aiki. Idan ranar ta wuce manhajar ba ta yarda a sayar da kwalbar, ko da mai saye zai kwana yana roƙo.

Na zauna na tsara abin yadda aka koya mini a makaranta, kowa da gwargwadon aikinsa, na kai taron ma'aikata ina jin kaina. Ban gama karantawa ba manajan Roni ya gyara zaman hularsa ya tambaya ko kunnensa ne ya ji daidai, cewa hawansa ɗaya da manajan Babura, yaron da ya ci naman sunansa. Direbanmu, wanda aikinsa bai haɗa hanya da kwamfuta ba ko a mafarki, ya ce shi ba ya neman komai, yana dai so ya tuna wa jama'a cewa bayan Malam babu wanda ya girme shi a ɗakin. Mai kula da shagon Gwiwa, ƙanin uwargidan Baffa da muke kira Kawu, ya kalli Baffa irin kallon da yake nufin maganar za ta isa gida kafin azahar.

Kafin a tashi an gyara mini kuskurena. Direba ya samu izinin tsakiya, wanda har yau bai taɓa buɗewa ba, amma duk mai shayin bakin tasha ya san yana da shi. Kawu ya samu na tsakiya. Manajan Roni ya samu na tsakiya, aka kuma yi masa alkawarin sunansa zai riƙa fitowa sama da na manajan Babura a jerin ma'aikata. Baffa ya ce shi ba zai hau kan yayansa ba yana raye, don haka babban izini ya tafi wurin Baba, mutumin da yake kiran kwamfuta akwatin 'yar nan. Ni da zan riƙa kula da abin duka, mace kuma ƙaramar kowa, aka ba ni na ƙasa, aka ce idan ina da aiki in ari na mahaifina, ai ba baƙo ba ne.

Abin mamaki, tsarin ya yi aiki, kuma Baba ne ya sa ya yi. Duk gyaran da ya shafi magani sai an kawo masa kwalbar. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya girgiza, ya ɗaga ta sama ya duba ko ruwan ya canja launi, sannan ya ce mini, "Shiga da sunana." In shiga, in gyara, in fita yana tsaye a kaina. Idan tsofaffin abokan cinikinsa suka zo, shi yake zaɓar musu magani da hannunsa, sai ya sa in buga rasit ɗin da sunansa. Na sha yi masa tsiya cewa ya mai da rasit takardar shaidar aure. Yakan ce mutum ya san abin da ya sa wa hannu, ya ci gaba da goge tabaraunsa.

Da ciwo ya kwantar da shi a farkon damina, aiki ya fara tsayawa. Kaya su iso Babura a rasa mai shigar da wa'adinsu, a kira ni ina asibiti da kwanon abinci a hannu. Baffa ya ce in ba manajoji lambar sirrin Baba na ɗan lokaci, kafin Malam ya miƙe. Na ce gara a ƙara wa mutum ɗaya izini da sunansa. Ya tambaye ni wanne daga cikinsu, kuma wa zai je ya yi wa sauran bayani. Na ba su lambar. Baba bai miƙe ba.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki, na buɗe shafin da yake nuna wanda ya yi me, sai na tarar Baba ya riga ni fitowa. Tun safe ya buɗe shago a Roni, ya rage farashin dusa a Babura, ya sayar da gishiri a Gwiwa, duk kafin rana ta take. A rayuwarsa bai taɓa hawa babur ba sai da addu'a, ga shi yanzu yana zaga garuruwa uku a lokaci guda ba ya ko haki. Manajoji sun gano cewa da sunan Malam babu ƙofar da take rufe, sai kowa ya ajiye nasa sunan kamar rigar sallah, ya shiga da na Malam da safe, ya bar shi a buɗe har magariba.

Daga nan sunan ya samu sabon aiki. Idan kwali ya ɓata a sito, a duba a ga Malam ne ya rage yawansa. Idan an yi wa suruki ragin da ba a yi wa kowa ba, Malam ne. Har ta kai yaran shago in sun ga lissafi ya karkace sai ɗaya ya ce wa ɗaya Malam ya wuce ta nan, su yi dariya, su haɗiye ta in sun ga na shigo. Mutumin da ya yi shekaru yana mai da kwalba kan kanta saboda launin ruwanta bai kwanta masa ba, shi ya zama sunan duk wani ha'inci a kamfanin. Abin yana ci mini rai ƙwarai, wani lokaci sai in rufe kwamfutar in shiga sito in tsaya tsakanin buhunan dusa har zuciyata ta sauka.

Na je wurin Baffa ba sau ɗaya ba. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani a hankali cewa ya kamata a rufe sunan, kowa ya koma nasa. Da farko ya ce a bari a yi arba'in. Bayan arba'in ya ce a bari Inna, mahaifiyata, ta fita takaba, kamar Inna tana leƙa kwamfuta daga ɗaki. Daga baya ya fito fili ya ce shi ba zai zama mutumin da ya goge ɗan'uwansa ba, kuma yana mamakin 'yar da take gaggawar goge ubanta. Na ce ba gogewa ba ce, rufewa ce, duk abin da Baba ya yi da gaske yana nan. Ya ce da gogewa da rufewa duk Turanci ne. Ban iya yin gaban kaina ba, kamfanin ba nawa ba ne, kuma in faɗi gaskiya, akwai safiyar da ganin sunan a fuskar kwamfuta yake sanyaya mini rai kafin in tuna hannun wa yake ciki.

Ana nan aka yi kaka. Wata ranar bayan la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na ji sallama a ƙofa, murya mai kauri, ana cewa ana sallama da Malam. Inna ta ajiye carbinta ta dube ni. Duk wanda ya san mu ya daina wannan sallamar tun da daɗewa. Babu namiji babba a gidan, sai na sa hijabi na fita.

Ardo ne, wani dattijon makiyayi daga wajejen Gwiwa, abokin cinikin Baba tun ina goye. Duk damina yakan haura da shanunsa cikin Nijar, inda waya ba ta kamawa, sai an girbe amfanin gona yake dawowa. Yana tsaye da sandarsa, fuskarsa babu alamar wasa. Ya amsa gaisuwata a gajarce ya ce in kira masa mahaifina, yau akwai magana tsakaninsu. Nan take ya zaro takarda daga aljihu, ya warware ta, ya ɗora yatsa a ƙasanta.

Ardo ba ya karatun boko. Amma ya san siffar sunan Baba kamar yadda ya san tambarin da yake jikin shanunsa. Ya ba ni labari yana tsaye: ya dawo da 'yan maruƙa suna fama da ciwon hanta, ya shiga shagonmu na Gwiwa ranar kasuwa, aka ba shi magani. Kwalbar ba ta yi masa ba, sai ya tambayi mai shagon ko Malam ya ga wannan maganin. Mai shagon ya buga rasit ya nuna masa, ya ce ga sunansa nan. Ardo ya duba, ya ga sunan ne, ya biya, ya ce a gaida Malam. Kawu ya ce zai ji.

Maganin bai yi komai ba. Ardo ya ci gaba da ba su yana jira, domin a tunaninsa abin da Malam ya sa wa hannu ba ya ƙin aiki, sai dai ya yi jinkiri. Kafin ya haƙura ya nemi wani, ya rasa maruƙan da ya rasa. Wani malamin dabbobi ne ya karanta masa ƙananan rubutun jikin kwalbar, ya ce wa'adinta ya wuce tun kafin ruwan farko.

Na ce masa, "Baba Ardo, Malam Allah ya yi masa rasuwa tun farkon damina."

Ya jingina sandarsa da bango, ya tsuguna a ƙofar gidanmu, ya yi salati, ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Mutumin da ya zo faɗa ya ƙare da ta'aziyya, har yana neman in roƙa masa gafarar Inna saboda sallamar da ya yi. Da ya shafa, ya sake duban takardar, ya tambaye ni cikin sanyin murya, "To 'yata, wa ya sa masa hannu?"

Ban kwana da tambayar ina neman amsa ba, na san amsar. Washegari na buɗe bayanan maganin na ga abin da na san zan gani. Manhajar ta ƙi sayar da kwalaben saboda wa'adinsu ya cika, sai aka shiga daga shagon Gwiwa aka ƙara musu shekara guda. Wanda ya ƙara, a rubuce, Baba ne. Yana kabari ya tsawaita wa magani rai.

Baffa ya kira Kawu ofis, ni ma ina tsaye. Kawu ya zo da hujjoji cike da aljihu. Ya ce magani bai san kalanda ba. Ya ce masu yin sa suna rubuta rana ne don a zubar a sayi sabo. Ya ce zubar da kaya almubazzaranci ne, kuma shi tarbiyyarsa ba ta ba shi ba. Game da abin da ya gaya wa Ardo kuwa, ya ce a nuna masa ƙarya ɗaya a ciki: ya ce ga sunan Malam, kuma ga shi nan. Da Baffa ya matsa masa a kan wanda ya canja ranar, sai ya juyo da fuskar kwamfutar ya ce shi bai iya jayayya da na'ura ba, a karanta abin da ta rubuta. Ya faɗi haka a gabana, a gaban 'yar mutumin, yana gyara agogon hannunsa.

Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na jira Kawu ya fita, na durƙusa, na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ka ce ba za ka goge Baba ba. Ai an riga an goge shi, kullum sai an goge wani wuri. Jiya mutum ya zo ƙofar gidanmu zai kira shi maha'inci, rasuwarsa ce kawai ta hana."

Baffa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sai a lokacin ya gaya mini abin da ban sani ba, ko da yake ba ɓoye shi yake yi ba, ni ce ban lura ba. Shi kansa da sunan Baba yake shiga. Tasa lambar ya manta ta tun makon farko. Kowace safiya in ya zauna, ya danna, manhajar ta rubuto barka da zuwa da sunan yayansa, sai ya ji kamar Yaya ya riga shi isowa ofis kamar yadda ya saba, yana can sito yana girgiza kwalabe. Ya ce ya san shirme ne. Na ji tausayinsa ya kama ni, har fushina ya rasa inda zai tsaya, don duk watannin nan na ɗauka tsoron matarsa ne ya hana shi. Akwai wannan ɗin ma, ba na cire masa, amma ba shi kaɗai ba ne.

Ya ce in yi abin da zan yi, amma ba a gabansa ba. Ya mai da hularsa ya fita.

A nan na gamu da wata ƙa'ida ta manhajar. Suna ba ya rufe kansa, kuma ba ta yarda kamfani ya zauna babu mai babban izini. Dole wani ya karɓa tukuna. Na shiga da sunan Baba karo na ƙarshe, na nemo nawa a can ƙasan jerin, ƙarƙashin direba, na ɗaga shi sama. Na fita, na shiga da nawa, na nemo nasa. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, tambayar da babu wanda ya yi wa Kawu ranar da yake ƙara wa magani shekara. Na danna. Sunan ya dushe ya koma launin toka. Idan ka buɗe shafin ayyuka a yau, abu na ƙarshe da aka rubuta Baba ya yi shi ne ya ba 'yarsa izini, kuma a cikin duk abin da aka jingina masa bayan rasuwarsa wannan kaɗai nake jin da an tambaye shi zai ce a shiga da sunansa. Na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban samu sararin yi ba ranar jana'iza saboda baƙi.

Ban gama share fuska ba waya ta fara ruri. Manajan Babura ya ce kwamfutarsa ta lalace. Manajan Roni ya ce an kore shi daga cikin na'ura a gaban abokan ciniki, kuma yana so ya san ko an kori na Babura shi ma, ko shi kaɗai aka raina. Duk sun manta lambobinsu, na wuni ina raba sababbi. Cikin duk waɗanda suka kira, direba ne kaɗai ya ce Allah ya jiƙan Malam, shi da bai taɓa shiga ba. Aka yi ta magana cewa yarinya ta hau kan iyayenta, har aka kai ƙarata wurin Inna. Inna ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san ranar da aka yi sallama da mijinta a ƙofar gida.

Kawu ba a kore shi ba, ai ba a korar ƙanin uwargida. An yi masa canjin wurin aiki zuwa siton dusa a Kazaure, aka kira abin ƙarin girma, tunda ya dawo hedikwata. Izininsa na tsakiya yana nan, sai dai na taƙaita shi ga dusa da gishiri. Baffa ya je har rugar Ardo da kansa ya ba da haƙuri, abin da suka yi a tsakaninsu ban tambaya ba. Lambar sirrin Baffa kuwa na rubuta masa ita, amma ya fi wata guda bai taɓa kwamfutar ba, sai ya zauna ya ce in karanto masa.

Ardo ya daɗe bai zo ba. Na ji labarin yana sayen magani a wani shago. Sai bayan sallah, wata ranar kasuwa, na ɗaga kai na gan shi a bakin kanta a Kazaure. Muka gaisa, ya tambayi Inna. Ya ce maganin tsutsa yake so. Na ɗauko kwalbar, na karanta masa wa'adin da ƙarfi, na girgiza ta, na ɗaga ta sama na duba launin. Na buga rasit na miƙa masa.

Ya duba ƙasan takardar, ya juya ta, ya sake dubawa. Ya tambayi sunan wa ke nan. Na ce nawa ne.

Ya gyaɗa kai, ya linke ta a hankali ya sa a aljihu. Sannan ya turo mini babbar kwalbar, ya ce in canja masa da ƙarama. A da, in Baba ya miƙa masa magani, na garke guda yake ɗauka bai ko buɗe kwalin ba.

"Kada ki ji haushi, 'yata," in ji shi. "Zan fara gwadawa a kan akuya ɗaya."